Anti Tsawa da Wasiƙar da Kowa Ya Gani

Tun tana 'yar shekara tara aka fara ce mata ta rage murya, ga shi har ta haura hamsin ba ta rage ba. Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake shi ma akwai shi daidai gwargwado. Allah ne ya yi ta da murya mai kauri, mai ɗan kaushi, wadda in ta yi sallama a ƙofar gida sai a ce a je a gani wane baƙo ne yake neman maigida. A makaranta malamar waƙa ta tsayar da ita a layin baya, ta ce ta riƙa motsa baki kawai. A waya kuwa, har yau in ta kira wanda bai san ta ba, da "ranka ya daɗe" yake amsa mata. Ta daina gyara wa mutane tuntuni. Ta ce wanda ya roƙa maka tsawon rai ba a tsayawa yi masa gyara.

Sunan Tsawa a gidan rediyo ta samo shi, inda ta yi shekara ashirin da uku. Ita ke karanta sanarwar rasuwa, da ta cigiya, da ta ɗauke ruwan famfo. Duk wasan kwaikwayon da ake neman muguwar tsohuwa, ko alƙali, ko kura mai magana, ita ake miƙa wa takarda. Amarya dai ko sau ɗaya ba a taɓa ba ta ba, ita ma ba ta taɓa nema ba. Yaran da suka zo aiki bayanta suka riƙa ce mata Anti Tsawa, sunan ya bi ta har kasuwa.

Ana nan sai aka naɗa sabon manaja, wani mai son turare da sabon agogo. Lokacin da ya zo koyon aiki, ita ce ta nuna masa yadda ake zama gaban makirufo ba tare da mutum ya cika wa masu sauraro kunne da huci ba. Ya kira ta ofis, ya ja mata kujera, ya sa aka kawo mata ruwa mai ƙanƙara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna bai riƙe komai ba daga abin da ta koya masa, don mai aiki da maƙogwaro ba ya shan ruwan sanyi da rana tsaka.

"Anti, zamani ya canza," in ji shi. "Masu talla yanzu murya mai laushi suke so, mai zaƙi. Kin yi wa gidan nan hidima, ki je ki huta."

Ta dubi kofin, ta dube shi. "Wa ya ce maka na gaji?"

Ya yi dariya, a zatonsa wasa take yi. Ta ture kofin gefe, ta ɗauki jakarta ta fita.

Hutun da ta yi na kwana huɗu ne. Ran na biyar ta buɗe kabad ɗin tufafi da ke ɗakinta, ta tsaya tana kallonsa kamar mai shirin saye. Maigidanta, mai gyaran keken ɗinki ne, mutum marar yawan tambaya, shi ya cire katakon tsakiya, ya huda rami a baya ya zura waya, ya rataya ɗan ƙwan lantarki. Tufafin ba a kwashe su ba, don su ne aikin: su ke shanye amsa-kuwwa, murya ta fito tas kamar a situdiyo. Sai ta sa 'yar kujera tsakanin zannuwanta da rigunansa, ta kafa makirufo a kan akwati, ta ja ƙofa ta rufe kanta. Fanka dole a kashe ta, zafi kuwa ba a magana. Ga injin niƙan maƙwabta, wanda sai ta lissafa lokacin da yake hutawa. Gidan ya samu sabuwar doka: in ka ga silifas ɗinta a bakin kabad, to ko tari ne ka riƙe shi.

Murya ta samu ɗaki, saura masu saye. Nan ne Auta ta shigo. Ita ce ƙaramar 'yarta, tana aiki a wani kantin magani, mai saurin hannu da saurin fushi, na biyun wurin uwarta ta gado shi. Ta buɗe mata adireshin imel a tsohuwar kwamfutar gidan, ta nuna mata inda ake rubutu, da inda ake liƙa muryar da aka naɗa, da inda ake latsawa saƙo ya tafi.

Anti Tsawa ta ɗauki abin da gaske fiye da yadda Auta ta zata. Ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk inda ta ji murya tana talla, a rediyo ne, a kanti ne, ko a layin waya inda ake ce wa mutum ya jira, sai ta tsaya ta kasa kunne. Ta rubuta sunan kamfanin, ta nemo adireshinsu, ta shiga kabad ta karanta tallarsu da tata muryar, daƙiƙa ashirin ba ƙari. Kowace safiya wasiƙa biyu, kuma ba ta taɓa kwafar ɗaya ta liƙa wa wani ba. Mai sayar da fenti tasa daban, mai makarantar koyon tuƙi tasa daban. Wani sa'in ma har da gyara take haɗa musu kyauta: "Wanda ya karanta muku tallar nan ya haɗiye lambar wayarku, shi ya sa ba a kiran ku."

Wata huɗu tana haka. Adireshi ɗari biyu da sha ɗaya suka taru a littafin. Amsa tara ta samu. Bakwai na'ura ce ta amsa da kanta, cewa an ga saƙonta. Ɗaya ya ce an gode. Na ƙarshen ya rubuto cikin ladabi: "Malam, aikinka ya yi kyau, sai dai mace muke nema."

Maigidan ya yi dariya har ya ƙware. Ita ma ta yi, amma ba ta kai ciki ba.

Wata safiya kafin ta fita aiki, Auta ta zauna kusa da ita da fuskar mai kawo magani mai ɗaci. Ta ce akwai wata manhaja da ke tace murya, ta siranta ta, ta goge kaushin. Ashe har ta gwada a ɓoye. Ta latsa, sai ga wata yarinya mai muryar alewa tana tallar fenti da kalmomin Anti Tsawa.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Mama."

"Ni? Wannan da in ta ce wuta ta kama, sai an gama cin abinci za a leƙa?"

"Mama, don Allah. Abin da suke so ke nan. Ki samu shiga tukuna."

"In shiga da muryar wa? Ranar da suka kira ni a waya fa, in ce musu mura nake yi?"

Auta ta ja numfashi, ta duba agogo. Ta ce to, an bar wannan. Amma waɗanda suka san harkar sun ce wasiƙa ta biyu, ta tuni, ita aka fi buɗewa. Ba sai ta rubuta ɗari biyu ba, guda ɗaya ta isa, a tura wa kowa lokaci guda. Tana saka takalmi tana nuna mata da yatsa: ga layin sama, ga kuma wani a ƙasa inda ake zuba adireshi a ɓoye, don kada wani ya ga sunan wani. "A na ɓoyen za ki sa, Mama." Ta fice da gudu.

To, a nan ne shekara ashirin da uku ta yi aikinta. Wanda bai taɓa karanta sanarwar rasuwa ba ba zai gane ba. A wannan aiki, suna shi ne komai. Ka tsallake sunan ƙanin mijin 'yar mamaci, gobe da sassafe za ka same shi a bakin ƙofar gidan rediyo yana huci. Anti Tsawa ba ta taɓa tsallake suna ba, ba ta taɓa karanta shi a karkace ba, kuma da wannan take alfahari. Ta dubi layin ɓoyen nan ta ja tsaki. A ce ka rubuta wa mutum wasiƙa ka ɓoye sunansa, sai ka ce ɓarawo? Wannan rashin tarbiyyar yaran yanzu ne. Ta buɗe littafinta, ta jera adireshi ɗari biyu da sha ɗaya a layin sama, ɗaya bayan ɗaya, tana duba kowane harafi. Har da na sashen talla na tsohon gidan rediyonta, wanda ta rubuta tun farko don su san tana raye. Ta latsa, ta tashi ta ɗora girki da kwanciyar hankali.

Kafin abinci ya nuna, kwamfutar ta fara ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Amsoshin da ta yi wata huɗu tana jira, yau suna zuwa rututu. "Wa ya ba ku izinin watsa adireshinmu?" "A cire mu daga wannan jeri." "Mu ma a cire mu." Kowa kuma maɓallin amsa wa kowa yake latsawa, don haka duk wanda ya yi ƙorafi, mutum ɗari biyu da goma ne ke karantawa.

Sai ga saƙon manajan gidan rediyon. Shi da ya san ta, ya san lambar wayarta, ya san ƙofar gidanta, bai ga hanyar da ta fi ba sai gaban taro:

"Anti, mun faɗa miki da mutunci ba ki ji ba. Muryar nan ta yi zamaninta. Ba ta sayar da sabulu, ba ta sayar da madara, yara ma in sun ji ta kuka suke yi. Ki bar damun mutane, ki je ki huta."

Ta karanta sau biyu. Abin ya yi mata zafi, zafin da korar kanta ba ta yi mata ba. Wancan a ofis ne, ƙofa a rufe. Wannan kuwa a gaban duk mutumin da ta yi gumi a kabad don ta burge shi. Ta zauna a bakin gado, hannuwanta a cinya, miya tana ƙonewa ba ta ji ba.

Auta ta dawo tun kafin lokacin tashi, idonta jajir. Wani mai kawo musu kaya a kanti yana cikin jerin, ya nuna wa kowa a waya, ana ta dariya ba su san uwarta ba ce.

"Na ce miki layin ƙasa, Mama! Na nuna miki!"

"Kin nuna mini."

"Yanzu sun gama da sunanki. Babu wanda zai sake buɗe saƙonki a cikinsu." Ta share ido da bayan hannu. "Abu ɗaya ya rage. A rufe adireshin nan yau. In buɗe miki sabo da wani suna, mu tura waccan muryar da na tace. Babu wanda zai san ke ce."

Maigidan yana tsaye a ƙofa da sukudireba a hannu. Ya ce shi dai in an yarje masa, zai je ya gaisa da manajan, akwai wani noti da ya kwance masa a ka. Babu wadda ta yi dariya.

"Babu wanda zai san ni ce," Anti Tsawa ta maimaita a hankali. Ta miƙa hannu ta jawo littafinta.

Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta fara kwafe saƙon manajan da biro ba. Hannu ne kawai ya bi abin da ya saba. Duk takardar da ta shigo hannunta shekara da shekaru haka take yi mata: ta ja ɗan layi a tsaye inda za a numfasa, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar da za a danna. Ta yi wa "mutunci" layi. Ta raba "sabulu" da "madara". Ta ɗaga littafin nesa da ido, ta karkata kai.

"Rubutun ba laifi," ta ce. "Jimla ta uku ta ɗan yi tsawo. Kullum sai na ce masa ya riƙa barin wurin numfashi."

Ta miƙe, ta tuɓe silifas a bakin kabad, ta kashe fanka.

"Mama, me za ki yi?"

"Aiki. An kawo mini rubutu."

Ƙofa ta rufe. Auta ta zauna a ƙasa, ta jingina da katakon. Daga ciki muryar ta taso.

Karatun farko irin na sanarwa ne, kowace kalma a tsaye da ƙafarta, ba fushi, ba rawar murya. Zagin nan ya fito kamar hukuncin kotu, har maigidan ya samu kansa ya gyara tsayuwa. Na biyu talla ta mayar da shi, da fara'a da ɗan tsalle, ta ja "sabulu" ta ja "madara" yadda mutum zai ji yana son ya je ya sayo. Auta ta toshe baki, dariya tana neman ƙwace mata duk da hawayen.

Sai karatu na uku. Da muryar ta dawo, ta sauko ƙasa, ta yi taushi ba tare da ta rasa kaurinta ba. Auta ta san wannan murya. Ita ce wadda take ji lokacin da take 'yar ƙarama, zazzaɓi ya rufe ta, kanta a ƙirjin uwarta, ana ba ta labarin da ba ta jin kalmominsa sai rugugin da ke tasowa daga ƙashin ƙirji ya shiga kunnenta. Da ita aka karanta layin da ya ce yara in sun ji ta kuka suke yi. Auta kuwa kukan ta yi, amma ba irin wanda manaja yake nufi ba.

Anti Tsawa ta fito sharkaf da gumi, ta zauna gaban kwamfuta. Wasiƙar gajera ce. Ta ce watsa adireshinsu laifinta ne, ba na kowa ba, ta nemi afuwa, kuma duk wanda ya ce a cire shi an cire shi. Sauran kuwa, ga samfurin aikinta iri uku. "Rubutun ba nawa ba ne, kun riga kun san mai shi. Muryar tawa ce, ba a taɓa ta ba." Ta sa cikakken sunanta a ƙasa. Wannan karon a layin ɓoye ta zuba adireshin, tana yi tana tsaki.

Ta juyo ta dubi 'yarta. "Ko za ki bi da ita ta wurin manhajar taki?"

Auta ta ja majina. "Wallahi, Mama, ko ƙura ba zan share mata ba." Ta miƙa hannu ta latsa da kanta. Sannan ta nemo muryar alewar nan da ta tace, ta goge ta.

Kwana biyu ba wani labari. Mutum goma sha huɗu suka ƙara cewa a cire su, ta ja musu layi a littafi. Daga manaja ko tari. Ta ci gaba da wasiƙunta biyu kowace safiya, ko da yake akwai safiyar da ta daɗe tana kallon farin shafin kafin ta fara.

Ran na uku wasiƙa ta zo daga wata mata da ke kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin kwanon rufi. Ta ce suna da lasifika a filin da manyan motoci ke lodi, da wata murya mai daɗi da ke gargaɗi in mota za ta yi baya. Daɗin nata ya yi yawa, ma'aikata sun mayar da ita waƙa, har suna kwaikwayonta. Watan jiya saura ƙiris wani ya rasa ƙafa. Ta ce da ta saurari karatun farko, shayi take sha, ba ta san lokacin da ta ajiye kofin ba. Ga jimla takwas, a gwada musu. Ta ƙara da cewa in da hali, ta ƙarshen, wadda ake sallamar ma'aikata da ita in an tashi, a yi ta da murya ta ukun.

Ba babban aiki ba ne. Babu wanda zai ji ta sai direbobi da masu ɗaukar kaya, cikin ƙarar inji. Anti Tsawa ta kwafe jimlolin a littafi, ta ja layukan numfashi da kulawar da za ta ba labaran duniya. Ta sha ruwan ɗumi. Ta tuɓe silifas, ta ja ƙofa.

Auta ba ta je aiki da wuri ba ranar, tana zaune a bakin gado. Maigidan ya fito daga ɗakin aikinsa rungume da kan keken ɗinki, yana sanɗa kamar yadda doka ta tanada.

"Tsaya! Mota tana baya!"

Kabad ɗin ya girgiza. Maigidan ya ƙame a tsakiyar ɗaki, ƙafa ɗaya a sama. Can ta bayan katanga, mai injin niƙa da ke shirin tayar da injinsa ya saki igiyar ya waiga.

Ƙofar ta buɗe kaɗan, fuskarta ta leƙo daga tsakanin riguna, gumi yana bin goshinta.

"Karatun ya fita?"

"Ya fita," in ji maigidan, yana sauke ƙafar a hankali. "Sai dai ko ki ɗan rage, saboda maƙwabta."

Ta dube shi, ta dubi Auta, wadda ta kife a kan gado tana dariya.

"Filin lodi ne," ta ce. "Ƙarawa zan yi."

Ta ja ƙofar ta rufe.